Hukuncin Barin Aikin da Ya Cinye Lokacin Salla da na Iyali

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shekarata 11 ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfanin jigilar kaya. Albashin yana da kauri, kuma ban san wani haram a cikin aikin ba, sai dai ina fita yarana uku suna barci, in dawo in tarar sun sake kwanciya. Sau da yawa, musamman a ƙarshen wata, ba na samun yin La'asar sai gab da Magariba, wani lokaci har rana ta faɗi. Likita kuma ya ce jinina ya hau. Yanzu wata makaranta ta ba ni aikin koyarwa, albashinta bai wuce kashi 2 cikin 3 na wanda nake karɓa ba, amma ana tashi kafin La'asar. Mahaifina ya ce kada in saki reshe in kama ganye, har ya kawo mini hadisin da ke cewa idan Allah Ya buɗe wa mutum ƙofar arziki kada ya bar ta. Shin idan na ajiye aikin na yi wa ni'imar Allah butulci? Idan kuma na zauna, ina da laifi?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ɗan'uwa, asalin sauya sana'a daga halal zuwa halal shi ne halacci, domin shari'a ta wajabta wa magidanci neman abin da zai riƙe kansa da iyalinsa, amma ba ta ɗaure shi a kan hanya guda ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon awaki a kan lada kamar yadda Bukhari ya ruwaito, daga baya ya yi fatauci da dukiyar Nana Khadija. Sayyidina Abubakar, da aka naɗa shi halifa a shekara ta 11 bayan hijira, ya bar kasuwancinsa, ya kuma faɗa a fili cewa mutanensa sun san sana'arsa ba ta gaza ciyar da iyalinsa ba, lamarin Musulmi ne ya ɗauke masa lokaci. Ka ga ya bar hanyar da take kawo masa arziki saboda wani haƙƙi da ya fi ta nauyi, ba a kuma samu sahabi ko ɗaya da ya kira wannan butulci ba. Butulci shi ne mutum ya musanta cewa ni'imar daga Allah take, ko ya yi amfani da ita wajen saɓa Masa.

Hadisin da mahaifinka ya kawo yana cikin littafin Ibnu Majah, a babin kasuwanci. Wani ɗan kasuwa mai suna Nafi'u ya saba aika kayansa Sham da Masar, sai ya yi shirin juyawa zuwa Iraƙi, Nana A'isha ta hana shi, ta ce ta ji Annabi yana cewa idan Allah Ya sanya wa ɗayanku arziki ta wata fuska, kada ya bar ta har sai ta sauya masa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, Shaihu Albani ma ya raunana shi, don haka ba a gina haramci a kansa. Duk da haka ma'anarsa nasiha ce mai kyau ga mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, yau yana nan gobe yana can, kuma ina ganin wannan ne mahaifinka yake ji maka tsoro. Sai dai ka lura da ƙarshen lafazin, wato "har sai ta sauya masa". Ko da hadisin ya inganta, ya bar ƙofa a buɗe ga wanda aikinsa ya juya masa baya, kuma aikin da ya fara cin sallarka da lafiyarka ya riga ya sauya, ko da albashin bai ragu ba.

Maganar La'asar ita ce mafi nauyi a tambayarka, ko da yake ka sanya ta a tsakiya kamar ɗaya daga cikin sauran. Allah Yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 103, salla farilla ce a kan muminai mai ƙayyadadden lokaci. Malaman Malikiyya sun raba lokacin La'asar gida biyu: mukhtari, wanda yake ƙarewa idan rana ta yi fatsi-fatsi, da laruri, wanda yake kaiwa faɗuwar rana. Wanda ya jinkirta zuwa laruri ba tare da uzurin da shari'a ta yarda da shi ba ya yi laifi ko da sallarsa ta inganta, kuma rufe lissafin ƙarshen wata ba ya cikin waɗannan uzurai. Barin ta har rana ta faɗi da gangan kuwa babban zunubi ne, ba a kuma samu mazhabar da ta halatta haɗa La'asar da Magariba ba. Imam Malik a Muwaɗɗa, da Bukhari da Muslim, sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wanda La'asar ta kuɓuce masa kamar an raba shi da iyalinsa da dukiyarsa ne. Ka dubi wannan hadisi da kyau, domin iyali da dukiya su ne ainihin abin da ya zaunar da kai a kan kujerar nan har rana ta faɗi, ga shi kuma an auna asarar salla guda da asararsu gaba ɗaya.

Sai haƙƙin gida da na jiki. Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, wanda Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ya tarar da matarsa cikin tufafin da ba na ado ba. Da ya tambaye ta dalili, ta ce ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya karya azumin nafilarsa, da dare kuma ya riƙa mayar da shi shimfiɗa har ƙarshen dare, sannan ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labarin ya kai ga Annabi sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To, idan azumin nafila da tsayuwar dare ba su isa su cinye rabon mace a wurin mijinta ba, ta yaya takardun kamfani za su isa?

A nan ina son in tsaya kaɗan, saboda kuskure ne da ya yi yawa a tsakanin magidanta masu kirki. Mutum yana ganin da zarar ya sauke nauyin ci da sha da kuɗin makaranta ya gama, alhali Allah Ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6, ku kare kanku da iyalanku daga wuta, kuma wannan kariya ba a aika ta da saƙo. Yaron da ya kai shekara 7 an umarci mahaifinsa ya umarce shi da salla. Uban da yaro bai taɓa ganin alwalarsa ba sai ranar hutu, da wane baki zai gyara masa tasa? An tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Wannan shi ne mutumin da nauyin al'umma duka yake wuyansa. Jikinka ma amana ne, Annabi ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi a kansa, don haka maganar likitanka tana da nauyi a wannan hukunci.

Duk da wannan, ba zan ce maka ka rubuta takardar ajiye aiki gobe ba, saboda ciyar da iyali wajibi ne tabbatacce, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda yake ciyarwa. Ka ɗauki takarda da alƙalami, kai da maiɗakinka, ku rubuta abin da gidan yake ci a wata, ku ware abin da ba makawa daga abin da sabo ne kawai ya mayar da shi kamar dole. Ku sa kuɗin haya idan akwai, da magani, da karatun yara, da bashin da ke kanka, da abin da kake ba mahaifinka idan ya dogara da kai, domin ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali. Abin da shari'a ta ɗora maka shi ne ciyarwa gwargwadon hali kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, ba ta ɗora maka riƙe wani matsayi na jin daɗi har abada ba. Shawara da matarka kuwa ba ta cikin abin da za ka tsallake, tunda ita ce za ta fi kowa jin raguwar kuɗin a hannunta, kuma ita ce ta fi kowa sanin abin da rashinka yake yi wa yaran. Ka kuma yi tanadi kafin ka motsa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi yana ware wa iyalinsa abincin shekara guda, saboda haka ajiyar da za ta riƙe gida 'yan watanni ba ta cin karo da tawakkali.

Hukuncin da nake gani a halinka yana da mataki. Ka fara da neman gyara a inda kake: ka sami shugabanka ka gaya masa a fili cewa kana buƙatar minti 10 na La'asar a kan lokacinta kowace rana, da lokacin tashi sananne, ko a mayar da kai wani sashe. Mutane da yawa ba su taɓa tambaya ba, sun yanke wa kansu hukunci cewa za a hana su. Idan aka ba ka wannan kuma lafiyarka ta daidaita, zama da tafiya duka halal ne, ka zaɓi wanda ya fi maka. Idan an ba ka lokacin salla amma gida da jiki suka ci gaba da cutuwa, kuma lissafinku ya nuna sabon albashin zai riƙe wajibai, to komawa koyarwar shi ya fi, ina kuma fatan a ba ka lada a kan abin da ka rasa na kuɗi. Idan kuwa aikin ba zai yiwu ba sai da fitar da salla daga lokacinta, barinsa ya zama wajibi a kanka tunda ga wata hanyar halal a gabanka. Yanayi guda ne zan ce ka dakata, wato idan sabon albashin ba zai kai ga wajibai ba har ya jefa ka cikin roƙo ko bashin ruwa. A nan sai ka zauna na ɗan lokaci kana neman wata mafita da gaske, kana kuma tashi ka yi sallarka a kan lokaci ko ran wani zai ɓaci.

Idan ka yanke shawarar tafiya, ka fita ta ƙofa. Aikin albashi ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada sananne, ijara kuwa a wurin jumhurin malamai yarjejeniya ce mai ɗaure ɓangarori biyu, kuma Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura. Idan takardar ɗaukarka ta ce sai ka ba da sanarwar wata ɗaya ko uku, ka cika ta, ka miƙa lissafi a tsabtace ga wanda zai gaje ka, kada kuma ka fita da sirrin kamfani. Annabi Musa ya yi yarjejeniyar aikin shekara 8 ko 10, Ibnu Abbas ya ce ya cika mafi tsawon wa'adin biyu. Haka nan kada ka ajiye na hannunka sai ka karɓi takardar sabon aikin a rubuce. Ka kuma tambayi kanka ko za ka iya koyarwa da gaske, domin 'ya'yan mutane amana ne, bai dace su zama wurin hutawar wanda ya gaji da ofis ba.

Ka yi istihara kamar yadda Jabir ya ruwaito, raka'a biyu ba na farilla ba sannan addu'ar da aka sani. Ba sharaɗi ba ne ka yi mafarki, abin da ake so shi ne ka ci gaba da abin da ka ƙudura bayan shawara, idan alheri ne Allah Ya sauƙaƙa shi. Mahaifinka kuma ka je masa da takardar lissafin nan a hannu, ka zauna a gabansa da ladabi ka nuna masa cewa reshen da za ka kama zai ɗauke ka, ka gaya masa maganar La'asar da ta likita, domin mai yiwuwa albashin kawai ya sani. Zaɓen sana'ar halal haƙƙinka ne matuƙar ba za ta cutar da shi ba, amma ka yi iya ƙoƙarinka ka tafi da albarkarsa.

Sallolin da suka fita lokacinsu, idan akwai wadda ba ka rama ba ka rama ta yanzu, ka tuba a kan jinkirin da ya gabata. La'asar ɗin yau kuma kada ta jira ranar da za ka yanke shawara a kan aikin.

Allah ne mafi sani.