Ina so in zama mai tsara cikin gida, amma aikin farko da na samu sai an fasa bango

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce a Kubwa, na karanta ilimin tattalin arziki, na gama hidimar ƙasa bara, har yanzu babu aiki. Tun ina ƙarama duk jeren da za a yi a danginmu ni ake kira, kuma ana yabawa. Ina so in mai da abin sana'a, amma Baba ya ce jere ba aiki ba ne. Na ga wani kwas na sati shida a Instagram, sun ce har satifiket suna bayarwa. Yanzu kuma ƙawar Mamana ta ce in gyara mata gidanta a Gwarinpa, bene ne, tana so a cire bangon da ya raba kicin da falon ƙasa su haɗe. Birkilan da na tambaya ya ce aikin kwana biyu ne. Ina tsoron in ƙi in rasa damar, ina kuma tsoron in ɓata shekaruna a banza. Don Allah me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, sana'a ce, kuma akwai masu riƙe gida da ita a Abuja, maza da mata. Zan zo kan maganar Baba da ta kwas ɗin. Amma kafin nan, don girman Allah kada ki bari kowa ya ɗora guduma a kan bangon nan. Ba gobe ba, ba jibi ba, sai injiniyan gini ya zo ya gani da idonsa.

Abin da ya fi cin raina a wannan sana'a shi ne yadda mutane suka ɗauka ido kawai take buƙata. Wai in kin iya haɗa kalar labule da ta kujera, to kin gama, sauran duk aikin leburori ne. Kusan kullum sai na ci karo da wannan tunani, wajen masu gida da wajen sababbin shiga, kuma shi ne yake kai mutane ga fasa abin da bai kamata a taɓa ba. Hoton falo da kicin a haɗe ya cika wayoyi, kowa yana so, babu mai tambayar me ke saman bangon.

To ga abin da ke samansa. Dakin ɗin da aka saba zubawa a gidajenmu, wato shimfiɗar kankaren da ta raba ƙasan bene da samansa, kaurinsa santimita 15 ne, kuma kankare yana da nauyin kilo 2,400 a kowace mita kubik, wato mita guda a tsawo da faɗi da zurfi. Ke da kika karanta tattalin arziki lissafin ba zai ba ki wuya ba: kowace murabba'in mita ta dakin kilo 360 ce. Ɗakin sama mai mita 5 a mita 4 ya haura tan 7 ke nan, tun kafin a sa tayil, da gado, da durowar kaya, da mutanen da ke kwana a kai. Idan akwai bangon bulo mai inci 9 a sama, da filasta ciki da waje, kowace mita guda ta tsawonsa ta kusa tan ɗaya. Duk wannan nauyi dole ya bi wata hanya ya sauka ƙasa. Ko ta bim, wato ginshiƙin da ke kwance a ƙarƙashin dakin, da pila, ko ta wannan bangon da Hajiya take so a cire. Ni daga nan ban san wanne ba ne, ke ma ba ki sani ba, birkilan nan ma bai sani ba.

Na san abin da zai yi. Zai ƙwanƙwasa bangon da bayan hannu, ya kasa kunne, ya ce "ai wannan holoƙo ne Hajiya, bai ɗauki komai ba." Wani kuma zai ce bulon inci 6 ne, don haka bangon raba ɗaki ne kawai. Wannan duk shaci-faɗi ne. Bulon siminti dama da rami a cikinsa, ko ya ɗauki nauyi ko bai ɗauka ba ƙarar ɗaya zai yi. Pila kuwa sau da yawa faɗinta daidai yake da na bulon inci 9, ana zuba ta a tsakiyar bango a shafe da filasta a yi fenti, ido ba ya ganinta sam. Sai guduma ta kai kanta, rodi ya bayyana, sannan a ce "af", wani marar tsoron Allah ma ya sa injin yanka ya datse rodin don aiki ya yi sumul. Akwai kuma abin da ko wasu masu karatun ba sa lura da shi: bangon da ba a zana shi don ɗaukar nauyi ba, bayan shekaru dakin yakan ɗan sauko ya jingina da shi, sai ya zama yana tallafe da wani kaso. Gidajen farko na Gwarinpa tun shekarun 1990 aka gina su, da yawa sun sauya hannu, an ƙara ɗaki a nan an buɗe ƙofa a can, zanen ginin na asali kuma ba lallai yana hannun mai gidan na yanzu ba.

Kuma gini ba kasafai yake faɗuwa ranar da aka cuce shi ba, shi ya sa 'yan gaba-gaɗi suke samun bakin magana. An cire bango, an yi fenti, an ɗauki hoto, an biya kowa. Bayan wata biyu ƙofar ɗakin sama ta fara cijewa, a kira kafinta ya kankare ta. Sai tsaga ta fito daga kusurwar ƙofar ta haura a karkace, a kira mai fenti ya cike ta. Tayil ɗin sama ya fara ɗagowa a layi ɗaya, a ce ai mai tayil ne bai iya ba. Gidan yana ta sanarwa, ana ta toshe masa baki. Wanda ya yi aikin ya daɗe da tafiya, yana can yana nuna hoton a matsayin shaidar ƙwarewarsa, yara kuwa suna kwana a saman wurin.

Ba bango kaɗai ba. Na taɓa sa a buɗe silin POP a wani gida da aka kira ni gyara, sai ga wayoyin wuta an murɗe su da hannu an naɗe da baƙin tef, tef ɗin ya narke ya manne da katako, katakon ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na'urar sanyaya ɗaki aka rataya wa wayar milimita 1.5, wadda ta ƙwan fitila ce. Soket 2.5 yake so, na'urar sanyi da hitar ruwa akan ba su 4 da layinsu daban, kukar lantarki 6. Wadda ta ƙawata gidan ta ƙara fitilu ko'ina, ba ta taɓa tambayar ina wutar za ta bi ba. Haka masu kulle tukunyar gas a cikin kabad don kada ta ɓata kyan kicin. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, kabad marar ramin iska kuwa tara shi yake yi har a kunna ashana. Haka masu zuba sabon tayil a kan tsoho a bene da siminti mai kauri, da masu ɗora tankin lita 1,000 a kan dakin, tan guda cur na ruwa a wuri ɗaya. Haka masu garƙame kowace taga da ƙarfe ba tare da barin ko ɗaya mai buɗuwa ba, su liƙa silin roba a sama, wanda in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne. Duk waɗannan da sunan ado ake yin su.

Saboda haka ki san iyakarki tun yau. Duk abin da ya shafi bango, bim, pila, dakin ko matakala, na injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da doka ta kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya. Sauya fasalin gini na mai zanen gini ne mai rajista da ARCON, wadda aka kafa a 1969. A Abuja kuma sauyin da ya taɓa ƙashin gini yana buƙatar izinin sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya. Mutane suna gudun jeka-ka-dawon takarda da kuɗin injiniya, na sani, amma araha ba ta ado. Ki nemi lambar rajistar duk wanda ya ce shi injiniya ne, don a wurin gini kowa mai hular kwano injiniya ake ce masa.

Kwas na sati shida ba laifi ba ne in kin ɗauke shi a matsayin ɗanɗano. Satifiket ɗinsa dai ba ya ba ki ikon taɓa komai a jikin gini, kuma kafin ki biya ki tambaye su: ana koyar da awo da zane bisa sikeli? Ana fita wurin aiki? Wa ke koyarwa, ina gidajen da ya yi? Idan duk darasin kala ne da yadda ake tallata kai, ki riƙe kuɗinki. Tunda kina da digiri ba sai kin koma aji ɗaya ba, ko da yake ga mai sha'awa akwai sashen zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Jos. Abin da ya fi miki shi ne ki koyi manhajojin zane na kwamfuta, AutoCAD da SketchUp, har ki iya zana ɗaki da awonsa, sannan ki nemi wani kamfani ko ƙwararriya ki zauna ƙarƙashinta aƙalla shekara guda, ko alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a, IDAN, wadda Titi Ogufere ta kafa a 2007, ta nan za ki iya sanin na gaske. Ki saba da tef ɗin awo a jaka. Ki taka Kugbo ki zauna da kafintoci, ki shiga Dei-Dei ki koyi bambanta katako busasshe da ɗanye, don hunturun Abuja zai tsage ɗanyen, allon MDF na garin katako kuma in ya sha danshin damina kumbura yake.

Maganar kuɗi a taƙaice: ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki rubuta yarjejeniya ko da da ƙawar Mama ce, musamman ma da ita. Ki raba kuɗin aikinki da kuɗin kaya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 kayan waje ba sa zama wuri ɗaya, don haka ki rubuta kwana nawa farashin da kika bayar zai yi aiki. Kamashon ɓoye daga masu shago kuma ki guje shi. Wanda ya miƙa miki makullin gidansa da kuɗinsa amana ya ba ki, kuma za a tambaye ki a kanta.

Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba, jere daban sana'ar nan daban. Amma jeren ya koya miki abin da masu kwafar hoton Turai ba su da shi. Kin san maigida yana son falon baƙinsa ya kasance ba sai an ratsa ta cikin iyali ba, kin san ana buƙatar wurin alwala da ba zai jiƙa kafet ba, da inda za a shimfiɗa darduma a fuskanci alƙibla ba tare da an ja kujera ba. Ki nuna masa tsarin karatun da wurin da za ki koyi aiki a rubuce, iyaye sun fi yarda da abin da suka gani a takarda.

Wannan sanin shi za ki kai wa Hajiya. Ki tambaye ta cikin ladabi ko ta yi tunanin ranar da za a soya manja ko a jefa daddawa a miya ga baƙi zaune a falo, labule da kujeru suna shan ƙauri, masu girki kuma babu sirri. Da yawa in an faɗa musu haka sai su zaɓi faffaɗar ƙofa mai turawa gefe, ko taga ta miƙa abinci, kuma ko wannan ɗin sai injiniya ya ce ga inda za a buɗe da irin lintal ɗin da za a sa, wato kankaren da ake gittawa a saman ƙofa ko taga. In ta dage sai an haɗe, injiniya zai duba zanen gidan in akwai, ya kankare filasta ya ga abin da ke ciki, ya lissafa bim ɗin ƙarfe ko na kankare da zai maye gurbin bangon, a tokare dakin da turakun ƙarfe kafin a cire bulo ko ɗaya. Ke ki karɓi ɓangaren fenti, labule, fitilu da tsarin kujeru, ki sa kuɗin zuwan injiniyan a layin farko na takardar da za ki kai mata. In ta ce ba za ta biya wannan ba, ki ba ta haƙuri ki ce bangon ba da ke ba.