Kuskuren Awo Wajen Sanya Ɗigo a Hoton Fiffiken Sauro

Tambaya: Ina nazarin siffar fikafikan sauro, amma duk lokacin da na sake sanya ɗigogin alama (waɗanda ake auna siffar da su) a hoto ɗaya da manhajar tpsDig, sai sakamakon ya bambanta. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ka ɗauki hoton kowane fiffike sau biyu, kana sake shimfiɗa shi, sannan ka sanya ɗigogin kowane hoto sau biyu a ranaku daban-daban. Gwajin Procrustes ANOVA, wato lissafin da ke rarrabe inda bambancin siffa ya fito, a manhajar MorphoJ zai nuna maka ko kuskuren hannunka ya kusa kai bambancin da ke tsakanin wannan sauro da wancan. Sau da yawa laifin na karkacewar kyamara ne idan hotunan daban ne, a hoto ɗaya kuwa na ɗigon da aka ɗora a kan lanƙwasa ne, alhali ɗigon da ke kan mahaɗar jijiyoyin fiffike ya fi sauƙin maimaitawa.