Kafin ka sayi giya, auna zoben tagulla

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce tsohuwar motar nan mai giya huɗu tana gurzawa duk lokacin da ka sa giya biyu, kuma idan kana gangara ka ɗaga ƙafa daga totur sai giya uku ta fice da kanta. Kana tambaya ko za ka iya sauke akwatin giyar ka gyara a gida, kuma ko ka fara neman sababbin giyoyi tun yanzu.

Za ka iya. Na ga hannunka, kuma akwatin giya na motar da injinta ke gaba tana tura ƙafafun baya ba shi da wani sihiri a ciki. Amma kada ka sayi komai tukuna. A cikin akwatunan da na buɗe tsawon shekarun nan, waɗanda manyan haƙoransu suka mutu ba su da yawa. Abin da ke mutuwa ƙananan abubuwa ne: zoben tagulla, boris, washa, da wani ɗan sifirin da bai kai ƙaramin yatsanka ba. Wanda ya sayi kaya kafin ya auna, sau biyu yake saye.

Tun motar tana kan ƙafafunta za ka fara aikin, domin da zarar akwatin ya sauka ƙasa ya daina yi maka magana. Tayar da inji, ka bar ta a firi, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga biyar, sannan ka sa ribas. Idan ribas ta gurza, kuma sauran giyoyin duk suna tauri, kuloci ne ba ya saki sosai, akwatin ba shi da laifi. Mutane da yawa sun bar jaki suna dukan taiki a daidai wannan wurin: a sauke akwati, a sa sababbin zobba, bayan wata shida su sake cinyewa, saboda kulocin da ya kashe na farko yana nan yadda yake. Bayan haka ka saurara. Ƙarar da kake ji a firi, ta ɗauke idan ka taka kuloci, boris ɗin shaf ɗin gaba ne (sandar da ke karɓar ƙarfin inji daga kuloci) ko na shaf ɗin ƙasa (wanda ke kwance a ƙasan akwatin ɗauke da tarin giyoyi). Wadda ba ta zuwa sai ka taka, boris ɗin kuloci ne. Idan kuwa motar tana kuka a ɗaya da biyu da uku amma ta yi tsit a huɗu, shaf ɗin ƙasa ne, don a giya huɗu ƙarfin inji yana wucewa kai tsaye daga gaba zuwa baya, shaf ɗin ƙasa yana juyawa ne kawai ba kaya a kansa. Ka leƙa robobin da inji da akwatin ke zaune a kansu ma. Idan sun tsage, girgizar inji kaɗai tana iya fizge sandar giya.

Ka kuma tabbatar da irin akwatin da ke hannunka. Cadillac ce ta fara sa sinkoro, wato abin da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga don kada ta gurza, a motocinta a 1928, amma an ɗauki shekaru kafin kowace giya ta samu nata. MGB ba ta da sinkoro a giya ɗaya har zuwa 1967. Land Rover kafin Series III ta 1971 ba ta da shi a ɗaya da biyu. Irin waɗannan idan sun gurza ba lalacewa suka yi ba, direba ne bai iya taka kuloci sau biyu ba. Littafin gyaran motar shi zai gaya maka, kuma idan ba ka da littafin nan mai zanen kowane ƙarfe a jere, kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka same shi.

Idan za ka tsiyaye mai, tara shi a tsaftataccen faranti ka kai shi rana. Baƙin laka mai laushi a kan maganaɗisun murfin ba komai ba ne. Ƙyalli kamar garin zinariya a cikin man, zoben tagulla ne yake narkewa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi, sai dai ido. Gutsuren ƙarfe da za ka iya ɗauka da farce kuwa, to an yi ɓarna. Wajen saukewa ba sai na tsawaita ba: motar ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, ka yi wa farfela alama kafin ka cire ta, kuma ka kira mutum na biyu. Ƙarfen nan yana kai kilo 30 zuwa 40, kuma idan ka bar nauyinsa ya rataya a kan shaf ɗin gaba, zai lanƙwasa farantin kuloci.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Kafin ka raba komai, auna wasan da kowace giya take yi gaba da baya a kan shaf ɗinta da fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, ka rubuta. Bayan ka wargaza, wannan awon ya tafi. Ka ɗauki hoto a kowane mataki da wayarka. Ka samu doguwar sanda ko waya mai kauri, duk abin da ya fito daga babban shaf, wato shaf ɗin baya, ka zura shi a kai yadda ya fito, fuskar da ke kallon gaba ta ci gaba da kallon gaba. Washa tana da fuska biyu, ɗaya mai ramin mai, ɗaya sumul. Cibiyar sinkoro tana da gefe mai tsawo da gajere. A ido ɗaya suke, a aiki ba ɗaya ba ne. Idan notin babban shaf ya ƙi kwancewa saboda shaf yana juyawa, cire cokulan giya, wato ƙarafan masu yatsu biyu da sandar giya ke motsawa, ka tura giyoyi guda biyu lokaci guda, akwatin zai kulle kansa.

A kan cibiyar sinkoro akwai wani zoben ƙarfe mai zamewa, shi ne cokali yake turawa. A akwatuna da yawa, ƙarƙashinsa akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe uku zaune a kan sifirin. Ina yaro na taɓa zare shi a fili. Na ji tas, tas, biyu sun bugi kwano, na ukun ban ji inda ya faɗa ba. Na wuni ina rarrafe da maganaɗisu a hannu, maigidana yana zaune yana kallona bai ce uffan ba, sai da yamma na tsince shi cikin lanƙwasar ƙafar wandona. Tun daga ranar nake sa hannuwana cikin jakar leda ko tsohuwar riga kafin in zare.

Gurzawar giya biyu da kake ji, ga yadda take faruwa. Giyoyin gaba a irin wannan akwatin kullum haƙoransu a haɗe suke, ba su kake haɗawa ba. Abin da kake yi da sandar giya shi ne kulle ɗaya daga cikinsu da babban shaf ta wasu ƙananan haƙora da ke gefenta. Kafin su shiga, dole gudun biyun ya zo daidai, kuma zoben tagulla ne yake wannan aikin: yana hawa wani wuri mai siffar mazurari a jikin giyar ya riƙe shi kamar birki. A cikin zoben akwai siraran layuka masu yanka mai. Idan suka shafe, zoben ya daina kamawa, sai ƙananan haƙoran su ci karo. Giya biyu ce ke fara mutuwa saboda ita aka fi shiga, kuma tazarar gudu tsakaninta da maƙwabtanta ta fi yawa.

Gwajin ba wuya. Wanke zoben da mazurarin da kananzir, ka ɗiga mai kaɗan, ka danna zoben ka murɗa da hannu. Mai lafiya yana cijewa, har sai ka ɗan fizge kafin ya saki. Matacce yana sulɓewa kamar murfin kwalba. Sai ka sa fila geji tsakanin bayan zoben da ƙananan haƙoran giyar. Sabo yakan bar tazarar milimita ɗaya ko fiye. Iyakar da littattafai da yawa suke bayarwa tana tsakanin 0.5 da 0.8, amma adadin littafinka za ka bi. Idan zoben ya zauna daram ba tazara, ya gama aiki. Sabon da ka sayo ma ka gwada shi haka kafin ka sa. Kayan da ake ƙerawa tsofaffin motoci yanzu ba duka ne suke hawa daidai ba, kuma na sha mayar da tsohon zobe na asali mai sauran rai na ajiye sabon da yake rawa a kan mazurari.

Ficewar giya uku wata magana ce daban. Ɗauki giyar ka kalli ƙananan haƙoran nan a haske. Ya kamata bakinsu ya zama da tsini kamar rufin ɗaki, gefensu a miƙe. Idan gefen ya goge ya zama gangare, duk lokacin da ka ɗaga ƙafa kaya ya juya, sai su tura zoben waje. Nan kam sai an canza giyar da zoben mai zamewa tare. Amma kafin ka yanke wannan hukuncin, duba abubuwa uku masu sauƙi. Sifirin da ƙwallon da ke riƙe sandar cokali a raminta: jera tsohon da sabo, za ka ga ko ya gajarce. Yatsun cokalin: idan sun sirance, giyar ba ta shiga har ƙarshe tun farko. Sai wasan gaba da baya da ka rubuta ɗazu: idan ya wuce ƙa'ida, giyar ce take ja da baya ta bar zoben. Sau da yawa washa ɗaya mai kaurin da ya dace ta kashe maganar.

Manyan haƙora idan suna sheƙi sumul, ka bar su ko da shekarunsu sun fi naka. Taurinsu a fatar sama yake, siririya ce, idan ka ga ta fara ɓantarewa tana barin ƙananan ramuka to ta kama hanya. Kuma ba a aurar da sabuwar giya ga tsohuwar abokiyarta da ta ci, kuka za su yi ta yi. Boris da sil da gaskit da sakilif kuwa duka sababbi, ba na tsayawa gwada su. Sandar da giyoyin ƙasa ke juyawa a kanta, shafa ta da farce inda ƙananan alluran boris suke gudu. Idan farcenka ya tsaya, canza ta. Tsohuwar kada ka yar: yanke ta daidai tsawon giyoyin ƙasa, ka manna alluran da giris ka zura ta ta riƙe su, ka sauke cikin akwatin, daga baya sabuwar ta turo ta waje. Wasan wannan tarin giyoyi kaɗan ne ƙwarai. A MGB tsakanin 0.05 da 0.08 na milimita ne, kusan kaurin gashin kai, kuma da washa masu kauri daban-daban ake daidaita shi.

Ka ce ba ka da injin matsa boris. Fula, ƙarfen nan na janye boris, idan mai kyau ce za ta cire yawancinsu. Wajen sawa, ɗumama boris ɗin zuwa kamar digiri 90 ko 100, kada ya wuce 120, kuma kada harshen wuta ya taɓa shi. Shaf ɗin ka sa shi a firji tun dare. Da zafinsa zai zame ya zauna. Idan sai an buga, sa bututu a kan zoben ciki kaɗai, domin duk dukan da ya bi ta ƙwallaye ya bar musu tabo, ka kashe boris tun bai yi tafiya ba. Wanda ya ƙi fita, ɗauki shaf ɗin ka kai wa mai injin matsawa, ba abin kunya ba ne. Inda zan ce ka tsaya shi ne idan akwatin irin na Volkswagen Beetle ne, wanda giya da difaransha suke gida ɗaya. Zurfin finiyan da zaman cokulansa suna son kayan awo na musamman, kada ka taɓa shim ɗinsa, siraran washan daidaita tazara, da ka.

Gaskit ɗin takarda ka sa irin kaurin da aka ce, don a wasu akwatunan kaurinsa yana cikin lissafin matsewar boris. Gam kaɗan ya isa, rarar da ta matso ciki tana toshe hanyar mai. Kafin ka rufe, juya shaf ɗin gaba da hannu ka shiga kowace giya har ribas, ka ga na baya yana amsawa, kuma ka tabbatar giyoyi guda biyu ba sa iya shiga tare. Mai kuwa, wanda littafi ya ce. Idan ya ce GL-4 kada ka zuba GL-5 don lambar ta fi girma: sinadarin da ke cikinsa an yi shi ne don difaransha, yana iya cin tagulla, kuma santsinsa yana hana zobe kamawa. Wasu ma, irin MGB, man inji suke sha.

Ranar mayarwa, canza ɗan boris ko bush ɗin da ke tsakiyar filawil, ka daidaita farantin kuloci a tsakiya. Idan akwatin ya tsaya saura kamar faɗin yatsa biyu, kada ka jawo shi da kusoshi, za ka fasa gidan. Sa shi a giya, ka juya shaf ɗin baya kaɗan, haƙoran za su sami hanya ya shige da kansa.

Amma duk wannan sai an jima. Yau ka je ka yi gwajin ribas ɗin nan, ka tsiyaye man, ka turo mini hoton abin da ka gani a faranti da kan maganaɗisu.