Amsa ga Kawu: yadda tsofaffinmu ke ƙarasa kwanakinsu a Legas

Kawu, Allah ya ƙara girma. Saƙonka ya iso. Ka ce ana ta faɗa a Kano wai mu Hausawan Legas mun fara kai iyaye gidan tsofaffi kamar Turawa, in kuwa ƙarya ne, me ya hana mu tattaro Baba ya dawo gida ya huta.

Gidajen dai akwai su. Gwamnatin jiha tana da nata a Yaba, 'yan Katolika suna da wani a Mushin, ga na kuɗi da ake biya wata-wata. Amma duk Bahaushen Agege ko Idi-Araba da ya kai mahaifinsa can, to ya nemi wani masallacin, don na unguwa ba zai shigu gare shi ba. Ko a wurin maƙwabtanmu Yarbawa ma abin kunya ne.

Abin da ya raba tsufan nan da na gida muhalli ne. A wurinku tsoho yana da ɗakinsa a gidan gado, ga zaure, ga jikoki na shige da fice, ko ba a sa kowa ba wani zai miƙa masa buta. A nan yawancinmu haya muke yi, kuɗin shekara ake biya dunƙule, ɗakuna a jere, bayi ɗaya na gida duka, wani lokaci kuma a saman bene. Mai gidan haya bai san ƙarfinka ya ƙare ba. Waɗanda suka tsira daga wannan su ne zuriyar fataken goro da dillalan shanu da suka kafa Zangon Agege, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Kakanninsu sun sayi fili tun yana araha, yau kuɗin hayar ɗakunan ne fanshonsu. Shi ya sa dattawanmu ke matsa wa duk wanda kasuwa ta buɗe masa da ya mallaki ko da ɗaki biyu ne kafin ya sayi mota.

Komawa gida kuwa kusan kowa da ita ya zo. Tambayi mai shago a Obalende da ya shekara 40 a nan, zai ce maka saura kaɗan ya tattara. Wasu suna komawar kuma su ji daɗinta, su ne waɗanda ba su yanke ƙafa ba: kowace babbar Sallah suna gida, sun yi gini, gonarsu na hannun ɗan'uwa, sun aurar da 'ya ko biyu can. Wanda bai yi haka ba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Zai tarar abokan majalisarsa sun riga shi gidan gaskiya, gidan gado an raba, 'ya'yan ƙannensa suna gaishe shi kamar baƙo. Matarsa haifaffiyar Agege ce, danginta da ƙawayen bikinta duk suna nan. Irin waɗannan sau da yawa ba sa cika shekara sai ka gan su sun dawo, a ce wai sun zo ganin likita.

Batun Baba ke nan, Kawu. Hawan jini da ciwon suga ba sa son a riƙa sauya musu likita, katinsa na asibitin koyarwa na LUTH, nan Idi-Araba. Na san Asibitin Malam Aminu Kano na nan, ba asibiti ne babu ba. Wa zai kai shi da asuba, ya bi layi, ya tuna ranar komawa? Mu 'ya'yansa duk a nan muke. Shi da kansa ma da muka tuntuɓe shi cewa ya yi a bar shi kusa da sahunsa na masallaci.

Jinyar ma sai da tsari, don a Legas babu mai zaman gida. Mata na sana'a, yara na makaranta, namiji in ya fita cunkoson hanya ba zai bar shi ya leƙo da rana ba. Don haka 'ya'ya kan raba kwanaki. Masu hali su ɗauki mai jinya, namiji ga namiji saboda wanka da alwala, ko nas da za ta riƙa zuwa auna jini da ba da magani. A sauko da tsoho ɗakin ƙasa, a kafa masa ƙarfen dafawa a bayi, a ajiye masa kujera a gefen sahu. Wasu kan ɗauko yaro daga gida ya zauna da shi, amma in ba a sa yaron makaranta ba ni ban ga alherin hakan ba.

Kuɗi ne wurin da muka yi rauni. Ɗan kasuwa ba shi da fansho, jarinsa da adashe ne kawai. Tun 2019 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, akwai ma asusun da babu kuɗin ruwa a cikinsa, jihar Legas kuma tana da inshorar lafiya ta Ilera Eko, amma ba kasafai za ka ji mutanenmu na zancensu ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi 'yan ci-rani ne da tsufa ya riske su a bakin aiki: masu gadi, masu dako a kasuwar Mile 12, mahautan Oko-Oba da ba su ajiye iyali a nan ba. In ciwo ya kwantar da ɗayansu, liman zai yi sanarwa bayan sallah a yi karo-karo, shugabannin kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa su cika. Sai a nemi babbar motar da ta sauke albasa ko shanu za ta koma arewa, a shimfiɗa masa tabarma, a rubuta wa direba lambar wani ɗan'uwansa a takarda. Wani lokaci a yi ta kiran lambar ba ta shiga, sai direban ya sauke shi a hannun sarkin tashar garinsu.