Sirdin babur ɗina ya zauna: zan iya sake shi da kaina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a Garin Malam, nan cikin Damagaram, ranar Lahadi kuma nakan kai 'yan kasuwa Miriya. Sirdin babur ɗina ya zauna har ina jin ƙarfe a ƙarƙashina, ledar ma ta yage. Na yanko soson tsohuwar katifa na cusa, na ji daɗinsa kwana biyu, daga baya ciwon bayana ya ƙaru. Ina son in sake shi da hannuna, kuma ina sha'awar in rufe shi da jar fata irin ta dukawanmu. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya tsare hanya. Za ka iya, aiki ne na yini guda ga mai haƙuri. Amma fara cire soson katifar nan, domin shi ya ƙara maka ciwon.

Soson katifa an yi shi ne don mutum a kwance, inda nauyi ke bazuwa daga kai har ƙafa. A kan babur kuwa kusan duk nauyinka na sauka ne a kan ƙasusuwa biyu na mazauni. Soso mai laushi sai ya lotsa gaba ɗaya, ka sauka a kan faranti, wato ƙashin sirdin, kowane rami na hanya ya hau maka kai tsaye zuwa ƙugu. Abin da ke hutar da mai yini a kan babur shi ne soso mai tauri, da faɗin wurin zama, da siffar da ta dace da jikinsa. Ka zagaya wajen masu kujerun saloni ko cikin Kasuwar Dole, ka nemi soson nan mai ɗigo-ɗigon kala da ake haɗawa daga gutsattsari a matse. Ka danna shi da babban yatsa. Idan ya nutse ba wuya, bar musu kayansu. Kauri santimita 5 zuwa 6 ya isa a ƙasa, sai ka ɗora mai laushi na santimita 1 a sama don ya ɓoye kaushi.

Kafin soso akwai faranti, wato ƙashin sirdin. Ka kwance ledar a hankali kada ka ƙara yaga ta, ita ce ma'aunin sabuwa. Idan farantin na ƙarfe ne, ka kankare tsatsa, ka kai wa mai walda ya kama inda ya tsage, ka shafa fenti. Idan na roba ne kuma ya rabe biyu, nemi wani wajen masu tsofaffin kayan babur. Duba kuma 'yan robobin da ke ƙarƙashinsa, waɗanda yake zama a kansu. Sau da yawa ana kawo mini sirdi ana zargin soso, sai in tarar robobin ne suka faɗi, ƙarfe na bugun ƙarfe.

Gam ɗin da za ka yi aiki da shi shi ne kol irin na masu gyaran takalma. Shafa wa faranti, shafa wa soso, ka bar su kamar minti 10 har ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa. Da zarar sun haɗu ba gyara, don haka daidaita tun kafin su taɓa juna. A tsakar gida za ka yi wannan inda iska ke kaɗawa, nesa da murhun shayi, domin tururinsa na kama wuta.

Sassaƙa ita ce zuciyar aikin, kuma nan gaggawa ke ɓata wa mutane. Zana layin tsakiya da biro, ka yi ta awo hagu da dama. Yanke da doguwar wuƙa mai kaifi ko bakin zarton ƙarfe, ka goge da takarda mai kaushi da aka naɗe a katako. Wajen zamanka ya zama mai faɗi da ɗan kwari kaɗan. Gaban kuwa, kusa da tanki, ka matse shi don ƙafafunka su taka ƙasa sosai in ka tsaya da fasinja da buhu. Kada sirdin ya gangara zuwa tanki, in ya gangara za ka yini kana turo kanka baya da hannu, kafaɗa da wuya su biya. Kafin ka rufe, ɗaure sirdin a babur haka tsirara ka yi zagaye na rabin awa. Inda ya dame ka, sauko ka rage kaɗan, ka sake hawa. Wurin fasinja ma kada ka rage shi da yawa, shi ke biyan kuɗin.

Maganar fata. Ina ƙaunar aikin dukawan garin nan, kuma sirdin jar fata abin kallo ne. Sai dai fatar akuya siririya ce, tana shan gumi da ruwan damina, rana ta busar da ita ta tsage, jan kuma yakan zuba a farar rigar fasinja. Ga babur ɗin da ke yini a rana, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, leda mai ƙyalle a bayanta ta fi. Zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan toka, baƙa tana ƙuna. In ranka na kan fata, sa baduku ya yi maka ado da ita a gefe, inda ba a zama.

Shimfiɗa tsohuwar ledar a kan sabuwa, ka yanke da rarar santimita 4 ko 5 ko'ina. In akwai ɗinki, tela ya yi da zaren nailan. Rufe soson da siririyar leda irin ta sayayya tukuna, saboda ruwa na bin ramin allura, kuma soson da ya sha ruwa ruɓewa yake. Shanya sabuwar ledar a rana 'yan mintuna ta yi laushi. Kama gaba, ja baya ka kama, sannan tsakiyar gefe biyu, daga nan ka bi sauran kaɗan-kaɗan, hagu sannan dama. Farantin roba ana kama shi da injin harba ƙusa na masu kujeru, da ƙusoshi gajeru na milimita 6 don kada su huda su fito. Na ƙarfe yakan zo da haƙora da ake lanƙwasawa a kan ledar. In sun karye sai ribit, wato ƙusar da ake matsewa bakinta ya baje ya kama. Kada ka ja har soson ya danne, in ka yi haka ka rushe siffar da ka sassaƙa.

In ka gama amma bayan bai daina ba, sa bakanike ya duba maka abin shan gargada na baya. Idan kuma ciwon na sauka ƙafa ko kana jin ta tana mutuwa, ka je likita ya duba ka, kada ka jira damina ta wuce.