Tankin gilashi na kifin ruwan gishiri yana yoyo: toshewa ko sakewa?

Ka tambaye ni ko za ka shafa silikon, wato gam ɗin da ke haɗa gilashi, ta waje a kusurwar da tankin mai gidan da kake wa aiki yake yoyo, tunda ɗigo ne kawai, kuma in sakewa za a yi, yaya za ka kwashe kifayen da murjanin, wato halittun teku masu rai da ke manne da dutse. To, ɗana, ajiye silikon ɗin nan. Sabo ba ya kama tsohon da ya riga ya bushe. Farin gishirin da ka ce ya daskare a bakin haɗin kuwa, alama ce ruwa ya daɗe yana tsattsafowa. Tanki mai lita 300 yana ɗauke da ruwa sama da kilo 300, ban da dutse da yashi, ranar da haɗin ya buɗe falon mutane ne zai sha. Amma kafin ka ɗora wa gilashi laifi, goge ko'ina ya bushe, ka duba tiyo da mahaɗar bututu, don sau da yawa ɓarakar daga nan take.

In ka tabbata gilashin ne, sake tankin za a yi. Kashe hita tukuna, don in ruwa ya janye ya bar ta da zafi fashewa take yi. Sannan ka rage ruwan ya sauka ƙasa da wurin yoyon, ka samu sararin shiri. Haɗa sabon ruwa tun kwana guda kafin aiki, da tataccen ruwa ba na famfo ba, nauyin gishiri 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, zafi wajen digiri 25, daidai da na tsohon. A daina ba kifi abinci ranar. Robobin da za ka zuba su a ciki, kada a ce sun taɓa ganin sabulu ko fiya-fiya.

Abin da yara ke kuskurewa shi ne su ɗauka ran tankin yana cikin ruwa. Yana cikin dutsen ne. A ramukansa bakteriyar da ke cinye amoniyar kashin kifi take zaune, in ka bar shi ya bushe a ƙasa kana fama da teburin da tankin ke kai, ka kashe ta, sabon tankin ya zama guba cikin kwanaki. Don haka fara zuƙo ruwa mai tsabta daga sama kafin ka motsa komai, ka cika robobi, dutse ya shiga nasa ruwa ya rufe shi, da ɗan injin tura ruwa yana juya shi. Murjani kowane da mazubinsa, don suna harbin juna in sun haɗu. Kifi daga ƙarshe, in ruwa ya yi ƙasa babu maɓoya, kuma da kofin roba ya fi raga, saboda masu ƙaya suna maƙalewa. A tabbata akwai mai a janareto, kada injin ya tsaya in an ɗauke wuta.

Sa safar hannu da tabarau. Murjanin nan mai laushi da ake kira Palythoa yana da dafi mai tsanani, kada ruwansa ya shiga ido ko ciwo, kuma kada ka kuskura ka zuba wa dutsensa tafasasshen ruwa, tururin kaɗai ya kai mutane asibiti.

Tsohon yashi ni ba na mayarwa. Tona shi ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai da baƙin datti. Ɗebi kofi biyu daga sama, sauran a sa sabo wankakke.

Ɗora lebur, wato ma'aunin daidaito, a kan teburin ta kowane ɓangare kafin ka aza sabon tankin, don karkata ce ke yawan tsinka haɗin gilashi. Dutse ya fara shiga, sai yashi, sai ruwa, sai murjani, sai kifi. Rage hasken fitila kwana biyu, abinci kaɗan-kaɗan, ka riƙa gwada amoniya kullum har mako guda. Mai gidan zai ce a ƙaro masa sababbin kifaye tunda tanki ya yi kyau. Gaya masa sai bayan wata guda.