Yadda Gandun Kiwon King Ya Zauna a Hannun Zuri'a Ɗaya

Tambaya: Malam, muna jin cewa a Amurka akwai gandun kiwon shanu da ya haura shekara 150 a hannun iyali ɗaya. Da gaske ne? Idan haka ne, me ya hana rabon gado wargaza shi?

Amsa: Gaskiya ne, kuma misalin da ya fi shahara shi ne King Ranch da ke kudancin jihar Teksas, wanda faɗinsa a yau ya kai eka 825,000, wato ya fi jihar Rhode Island girma. Wanda ya kafa shi a 1853, Richard King, ba makiyayi ba ne tun asali. Matuƙin jirgin ruwa ne a kogin Rio Grande, kuma da ribar sufurin ya sayi fili na farko, eka 15,500, a bakin rafin Santa Gertrudis, domin a wannan busasshiyar ƙasa wanda ya mallaki ruwa shi ke da makiyaya.

Shekara guda bayan haka ya ƙetara zuwa ƙauyen Cruillas a Meziko, inda fari ya tilasta wa mutane sayar masa da shanunsu. Da ya ga ya raba su da abin dogaronsu, sai ya gayyace su su biyo garken su yi masa aiki. Zuri'arsu, da ake kira Kineños, wato mutanen King, sun ci gaba da kiwo a gandun, ɗa na gadon uba. A ganina duk tarihin da ya ambaci masu gandun ya tsallake waɗannan mutane bai cika ba, domin sanin shanu da doki a hannunsu yake.

King ya rasu a 1885, ya bar fili fiye da eka 600,000 da bashin kusan dala 500,000. Ya bar komai ga matarsa Henrietta, ita kuwa ta riƙe dukiyar shekara 40 ba ta raba ba, ta damƙa gudanarwa ga lauyan gidan, Robert Kleberg, wanda ya auri 'yarta Alice a 1886. A zamaninsa aka haƙa rijiyoyi masu zurfi da suka fitar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a 1899, aka yaƙi kaska ta hanyar tsoma shanu cikin kwarmin magani, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1904, shekarar da aka kafa garin Kingsville a filin da Henrietta ta bayar.

Lokacin da gandun ya fi kusa da rushewa shi ne bayan rasuwar Henrietta a 1925, kuma a nan amsar tambayarka take. Wasiyyarta ta ce a bar dukiyar a hannun amintattu har shekara 10 kafin a raba. Cikin wannan wa'adi harajin gado ya hau kan iyalin, ga kuma durƙushewar tattalin arziki da ta soma a 1929 ta karya farashin shanu. Abin da ya cece su shi ne yarjejeniyar da jikanta Bob Kleberg ya ƙulla da kamfanin mai na Humble a 1933, wadda ta ba kamfanin izinin neman mai a filin, su kuma suka sami kuɗin biyan bashi. An dai yi rabon, wasu magada sun cire nasu kason, amma ɓangaren Alice bai yanka nasa gunduwa-gunduwa ba: a 1934 suka mayar da shi kamfani, kowane magaji ya karɓi hannun jari maimakon fili. Daga nan abin da ake rabawa riba ce, ƙasa kuwa ta zauna dunƙule, kuma wanda ya so fita sai a saye hannun jarinsa.

Ta fuskar kiwo, babban aikin gandun shi ne samar da sabon irin shanu. Shorthorn na Ingila suna da nama amma zafi da kaska na galabaitar da su, sai aka haɗa su da Brahman, shanu masu tozo 'yan asalin Indiya, dangin Bunaji da Gudali da muka sani. Wani jan bijimi mai suna Monkey da aka haifa a 1920 shi ne tushen irin, kuma a 1940 ma'aikatar noma ta Amurka ta amince da Santa Gertrudis, mai kashi 5 cikin 8 na jinin Shorthorn da kashi 3 na Brahman, a matsayin irin shanun nama na farko da aka samar a ƙasar. Da su Bob Kleberg ya buɗe rassa a Kuba da Ostareliya da Barazil da wasu ƙasashe kafin rasuwarsa a 1974.

Sai dai kada a ɗauka jikokin King ne ke kora shanu a yau. Tun 1988 aka fara naɗa shugaban kamfanin daga wajen dangi, kuma a 1998 Tio Kleberg, na ƙarshe cikin zuri'ar da ke kula da aikin kiwon yau da kullum, ya bar muƙaminsa. Magada yanzu masu hannun jari ne da yawancinsu ke zaune a birane, kuɗin shiga kuma ba daga shanu kaɗai yake fitowa ba, akwai mai da iskar gas, auduga, lemo a Florida, da hayar daji ga mafarauta.